Ranar da Aka Ba Don Nicanor Tuta

"Ni a ba ni tuta rana ɗaya tak," in ji Don Nicanor Bustos, yana dukan tebur har kofuna suna rawa, "in nuna wa Ajantina yadda ake alƙalancin tsere. Waɗancan na talabijin, mutum biyar da kyamara arba'in, sai sun yi awa biyu kafin su gane wa ya bugi wa. Ni daga kukan inji nake sanin mai laifi. Ko bayana na juya!"

Ran Litinin ce, a ɗakin shan kofi na kulob ɗin motoci na garinmu, Tres Sauces. Jiya aka yi babban tseren ƙasa, alƙalai suka ƙwace nasara daga hannun wanda ya zo na ɗaya bayan ya riga ya ɗaga kofi ya sumbaci matarsa. Kowace tashar rediyo ka murɗa, zancen ke nan.

Kai da ba ka san Don Nicanor ba, bari in kwatanta maka shi. Taya yake sayarwa a bakin dandali. Bai taɓa tuƙa motar tsere ba, saboda har yau ba a ƙera wadda tumbinsa zai shiga ba. Da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Idon Mikiya, mu kuwa a bayan idonsa Baki-Ba-Birki muke ce masa. Likita ya rubuta masa tabarau tun shekara shida da suka wuce, amma ba ya sa shi sai in zai karanta jarida a banɗaki, ya kulle ƙofa.

To, a makon nan ne alƙalinmu na kullum ya kwanta asibiti, ga shi ran Lahadi za a yi tseren ƙarshe na shekara. Ba ƙaramar rana ba ce. Hukumar tsere ta lardi za ta aiko mai duba, wata Señora Arrieta, ta ga ko filinmu ya isa a ba shi tseren lardi, abin da muke roƙo shekara goma sha ɗaya. Shugaban kulob, Don Fermín, ya zaga neman wanda zai riƙe tuta, kowa ya noƙe. Mutum ɗaya ne ya miƙe tun ba a gama tambaya ba.

"Nicanor, ka tabbata?" in ji Don Fermín.

"Fermín, je ka gasa namanka. Ka bar wa masu ido aikin ido."

A gida matarsa, Doña Herminia, ta yi masa magana ɗaya: "Ka tafi da tabaranka. Kuma ka san Griselda tana cikin masu tseren."

Griselda 'yar ƙanwarta ce, mai mota lamba 61. Maki biyu ne tsakaninta da Tano Ferraro mai lamba 19, wani ɗan taurin kai da ya ɗauki ƙofar motar mutane a matsayin birkinsa.

"A kan hasumiyar alƙali ba ni da 'ya, ba ni da suruki," in ji Nicanor. Tabarau kuwa ya bar shi a kan firiji.

Lahadi ta yi, gari ya kwashe ya koma fili. Hayaƙin gashin nama ya turnuƙe, tsofaffi sun jera kujeru suna zagayawa da ƙoƙon shayin mate. Nicanor ya iso cikin farar riga da usur biyu a wuya. Ya tara direbobi goma sha huɗu ya yi musu huɗuba ta minti arba'in.

"Kuma ku buɗe kunnuwanku," ya ce. "In motar jagora ta fito, duk wanda ya wuce ta, ko da tsawon gashin bakina ne, shekara guda ba zai sake taka filin nan ba. Inda ta bi, nan za ku bi. Kun ji ko ba ku ji ba?"

"Mun ji, Kawu," in ji Griselda. "Rana tana yi."

"A nan ba Kawu. Ranka ya daɗe alƙali."

Aka tashi tsere lafiya, sai dai ya kaɗa tuta kafin layin baya su tayar da inji. Señora Arrieta, da ke zaune gefensa a kan hasumiya, ta rubuta wani abu a littafinta. Ya leƙa bai ga komai ba, ya ɗauka yabo ne.

A zagaye na biyar Tano ya yi halinsa. A kwanar farko, a gaban kowa, ya sa hancin motarsa ya ture wata shuɗiyar mota har ta juya ta kalli inda ta fito. Fili ya ɗauki ihu. Wannan kam ko makaho ya gani, don haka Nicanor ma ya gani.

"Kin gani, Señora? Daƙiƙa nawa na ɗauka? Kora!" Ya rubuta 19 a takardar hukunci da manyan baƙaƙe, ya jera lambobin a kan allo, ya fizgi baƙar tuta, ya fito bakin hasumiya yana hura ƙirji. Sai ya ɗaga allon kai a ƙasa.

Ka ɗauki biro ka rubuta 19, ka juya takardar. Abin da ka gani, shi Griselda ta gani.

Ta rage gudu, ta shiga wurin gyara, ta cire hular kwano ta maka a ƙasa. Tano kuwa da ya zo wucewa har hannu ya ɗago wa hasumiya na godiya. Mutane suka hau jifa da ɓawon lemo. Daga can ƙasa aka ji muryar Doña Herminia ta keta ƙarar inji goma sha biyu.

"Nicanor! Makahon banza! 'Yar ƙanwata ka kora!"

"Kin ji ko?" ya ce wa Señora Arrieta. "Haka adalci yake. Ko a gidanka ba a son sa."

"Wace lamba ka kora, Don Nicanor?"

"Sha tara mana."

"To ga sha tara can tana jan gaba."

Ya runtse ido ya hanga, ya juya allon ya duba, ya sake juyawa. Gumi ya karyo masa. Mai hankali da nan zai tsaya ya gyara. Shi kuwa gogan sai ya ga ai abin da ake bukata shi ne babban aiki da zai mantar da mutane ƙarami. Shuɗiyar motar nan tana nan a kwana ta ƙi tashi.

"Haɗari! A fito da motar jagora!"

Motar jagorarmu tsohuwar a-kori-kura ce mai fitila rawaya a ka. Direbanta yana can yana cin burodi da tsiren alade, kafin ya goge hannu Nicanor ya gangaro daga hasumiya da tutocinsa duka a hammata, ya warce makulli.

"Matsa! Wannan ba aikin masu maiƙo a hannu ba ne."

Ya shiga gaban motoci, suka jeru a bayansa kamar 'yan makaranta. Sai dai filinmu na ƙasa ne, rana ta busar da shi, ƙura ta tashi har ba ka ganin bonet ɗinka. Ana cikin haka tankar da ke yayyafa wa fili ruwa ta fita ta ƙofar baya za ta ɗebo wani, tana ɗiga, aka bar ƙofar a buɗe. Nicanor ya iso kwana ta uku, ya ga hanya biyu a dishi-dishi: ɗaya fara fat, ɗaya da danshi. Ya ce a ransa, ai fili shi ake jiƙawa. Ya karya sitiyari dama.

Mota goma sha biyu suka bi shi. Wa zai wuce? Shekara guda ba wasa ba ce.

Motar tsere ba ta da ham, don haka direbobi suka fito da hannuwa ta taga suna ɗaga masa. Ya hango su a madubi, ya yi murmushi. "Yanzu kuka san ni," ya ce, shi ma ya ɗaga musu. Ya ji taya ta hau kwalta, ya yaba wa Fermín a zuci da ya gyara wannan ɓangaren bai gaya wa kowa ba. Suka wuce maƙabarta. Suka wuce gidan burodi. A ƙofar coci an fito daga baftisma, Fada yana riƙe da jariri, ya tsaya baki buɗe. Can Nicanor ya hangi wani gini mai tulin tayoyi a gaba, ya matso da fuska jikin gilashi.

"Kai! Wa ya kawo shagona bakin fili?"

A nan ne abin ya faɗo masa. Amma ko a nan bai tsaya ba. Ya ce in ya zaga dandali ya koma da su a tsare, zai ce dabara ce ta ba ƙura lokaci ta kwanta. Ya zaga sau ɗaya bai ga mafita ba, ya zaga sau biyu. Motocin nan kuwa man zagaye ashirin kacal aka zuba musu, na ɗan filinmu. Ta farko ta mutu a gaban kantin magani. Biyu a gindin gunkin dandali. Ta Tano ta yi tari ta tsaya daidai ƙofar ofishin 'yan sanda, inda Sajan ya fito yana tambayar takardun mota.

A can fili kuwa mutum dubu biyu suna zaune suna kallon hanya wayam. Señora Arrieta ta ɗauki takardar hukunci ta sauko wurin Griselda.

"A rubuce sha tara aka kora. Ke ba wanda ya kore ki. In motarki tana tashi, tsere bai ƙare ba."

Griselda ta tsinci hularta. Ita kaɗai ta yi zagaye goma sha huɗun da suka rage, tana ɗaga wa kowa hannu, a kwana ta biyu ma har ta tsaya aka miƙa mata ruwa. Da ta zo gamawa aka nemi tutar ƙarshe aka rasa, tana cikin gari tare da alƙali. Doña Herminia ta yaye mayafin teburinta mai zanen dara irin na tutar, ta karkaɗe ɓurɓushin burodi, ta kaɗa mata.

Wajen ƙarfe huɗu Nicanor ya dawo, fitila rawaya tana ta juyawa a kansa, ba kowa a bayansa sai kare ɗaya. Direbobi suka iso daga baya a ƙasa, riƙe da hulunansu, fuska kamar an kwaɓa ta da toka. Aka taru a gindin hasumiya, kowa yana magana lokaci guda. Tano yana rantsuwa shi ne a gaba lokacin da aka bar fili. Wani yana cewa tasa motar ce ta fi nisa kafin ta mutu, don haka kofi nasa ne. Don Fermín ya zauna a kan taya ya dafe kai, yana ganin shekara goma sha ɗaya sun bi ruwa.

Nicanor ya hura usur duka biyun.

"Tsit! Señora, ga littafin doka a hannunki. Nuna mini inda aka ce dole motar jagora ta tsaya a cikin fili."

Matar ta buɗe, ta bi shafi-shafi, ta rufe.

"Babu," ta ce.

"Kun ji ko!"

"Waɗanda suka rubuta shi ba su san an haife ka ba." Ta juya ga shugaban kulob. "Don Fermín, nasara ta 61 ce. Filinku ba laifi, direbobinku kuwa ban taɓa ganin masu bin doka irinsu ba. Zan sa hannu a ba ku tseren lardi, da sharaɗi biyu: ku sa wa ƙofar baya kwaɗo, wannan bawan Allah kuma ya riƙa kallo daga bayanta."

Aka kwashe da sowa, aka ɗaga Griselda sama. Nicanor ya gyara farar rigarsa da ta koma ja, ya murza gashin baki, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ban yarda ba! Zan yi cikakken bayani a ofishin kulob. Duk mai son jin gaskiya ya biyo ni!"

Ba wanda ya motsa. Tano ya zauna a ƙasa, ya cire takalmi yana duba ƙafarsa da ta kumbura.

"Yi gaba, ranka ya daɗe alƙali," ya ce. "Bari mu sha mai, mu yi sallama da iyali tukuna. Wa ya san garin da za ka kai mu wannan karon?"