Rasuwar Rikodar da Ba Ta Taɓa Katse Kowa ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun riga da ya zama wayam, nake sanar da abokan aiki na gidan rediyo da masu sauraron shirina rasuwar abokiyar tafiyata, ƙaramar rikodata, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ma'abociyar haƙuri ce. Ta saurari direbobi da ungozomomi da masu gadi, ba ta taɓa katse kowa ba, halin da ni mai ita har yau ban koya ba. Ta riƙe amana. Duk tambayar shirmen da na yi wa baƙo ta ji, ba ta kai wa shugaban sashe ba. Maganarta a duniya ba ta wuce "ƙit" idan ta fara aiki, da "tit-tit" idan batir ya yi ƙasa.

Ciwon ya fara ne daga maɓalli, sai an danne shi da farce. Daga baya murfin batir ya saki, muka ɗaure shi da robar gashin 'yata. Duk da haka ba ta taɓa neman hutu ba.

Ajali ya same ta a bakin aiki, a falon surukina, tsohon direban jirgin ƙasa. Shekaru ina roƙonsa ya ba ni labarin ranar da ya tsayar da jirgi cike da fasinja saboda wata mata mai naƙuda. Ranar nan ya gyara zama ya ce, "Sau ɗaya zan faɗa, kada ka dawo mini." Yana cikin kwatanta yadda ya ja birki, gwiwar hannunsa ta ture kofin shayi a kanta. Ban iya tsayar da shi ba, suruki ne. Na zauna ina gyaɗa kai, ina kallon jar fitilarta tana dushewa.

Mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai. "Malam, sai haƙuri. Amma katin da ke ajiye muryoyin yana da rai." Muka saka a kwamfuta. Labarin yana nan cif, har kukan jaririn da tsohon ya kwaikwaya. Sai da ya rufe baki ta cika.

Ta bar makirufo ɗaya mai sanye da safar ƙafa, da abin sawa a kunne wanda ɓangarensa na hagu ya kurumce, da wata waya da ba ta shiga jikin kowa sai nata.

Za a kwantar da ita a aljihun teburina na ƙasa, kusa da tsofaffin caza, ranar Asabar bayan an watsa labarin surukina. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin tace shirye-shirye. Masu cewa "ai wayarka ma tana ɗaukar murya" su dakata sai an share makoki. Na nemi a yi mata shiru na minti ɗaya a iska, injiniya ya ƙi, wai jama'a za su ɗauka tashar ce ta mutu.