Ranar Da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a barandar asibitin Mafara ba, ranar da na je da kunyata cikakkiya na dawo Bakura ba ko rabinta.

Ɗana na fari ya zama saurayi sosai lokacin da ciwon ya same shi. Likita ya ce abu biyu ne suka haɗu: yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, kuma zuciyarsa takan hau ta sauka. Wani watan ya yi ta zuba magana, wani watan ko tuwo sai da lallashi. A Maradun ya tashi, wurin kakarsa da ta ɗauke shi tun yaye. Da ciwon ya yi nauyi aka dawo mini da shi. Ni kuwa tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, yadda na ga uwata ta yi da nata ɗan farin. "Wanga yaro" nake cewa. Shi kuma Yaya yake ce mini.

Wata rana da muka je karɓar magani aka ce mana akwai likitoci masu bincike da ke son su riƙa bibiyar masu irin ciwonsa, su ga yadda magani da barci da zaman gida ke tafiya. Sun faɗa ƙarara cewa ba alkawarin warkewa ba ne, kuma wanda ya gaji yana iya fita. Sharaɗin dai shi ne kowa ya zo da wani nasa na jini da ke zaune da shi. A mota ya ce mini, "Yaya, ina son in shiga. Ko ban warke ba, wani ya amfana." Rabon da in ji ya ce yana son wani abu har na manta.

Larabar da za a rubuta sunansa a binciken na ɗaura atamfar salla (kamar mai zuwa ɗaukar amarya), Hajiya Ige, yayar maigidana, ta ce sai ta raka mu. Nan fa matsalar take. Wa zai amsa ɗan fari a gaban dangin miji?

Da layi ya zo kanmu, wata yarinya ma'aikaciya mai fara'a ta gaishe mu har da tambayar gajiya da mutanen gida. Sannan ta ce, "Inna, mece ce alaƙarki da shi?"

Na saci kallon Hajiya Ige. Na ce, "Ɗan gida ne."

"Ke kika haife shi?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi. "Ɗan mutanen Maradun ne."

"To sunansa fa?"

"Ga shi nan, ɗiyata, tambaye shi."

(A raina ina jin na yi abin a yaba. Har Hajiya Ige ta gyaɗa kai.)

Yarinyar ta ajiye biro cikin ladabi ta ce to sai dai mu dawo da mahaifiyarsa, ko wani da ya san shi sosai. Kafin in buɗe baki ya miƙe tsaye. Bai yi faɗa ba. A hankali ya ce, "Sun faɗa mini. Sun daɗe suna cewa ba ke kika haife ni ba, na ƙi yarda." Na san su wa yake nufi. Muryoyin nan ne, kuma ga shi ni da bakina na zama shaidarsu.

Ya nufi ƙofar asibiti, wajen titi. Na ce, "Kai." Bai juyo ba. Na ce, "Kai wanga yaro." Samari uku suka waiwayo, har da mai sayar da rake, ban da shi.

Ban san lokacin da na tashi ba. Takalmi ɗaya ya tsaya ƙarƙashin benci, mayafi ya zame, ni da ko kaza ba na kora da ƙarfi na buɗe murya iyakar ƙarfina: "Murtala! Ni na haife ka!"

Da na tsaya nan da da sauƙi. Amma bakin da ya daɗe a ɗaure, in ya kwance ba ya san iyaka. Na ce da damina na haife shi, a ɗakin uwata. Na ce yana da tawadar Allah a bayan kunnen hagu. Na ce ranar da aka tafi da shi Maradun a bayan rumbu na yi kukana. Duk mutanen baranda suka zubo mini ido. Sai muryar Hajiya Ige: "Ikon Allah. Yau kunya ta yi ƙaura daga Bakura."

Ya dawo a hankali, ya tsaya gabana. "Yaya, ashe kin san sunan."

Na ce, "Har rubuta shi na iya." Gaskiya ce. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ne kalmar farko da na roƙi malama ta nuna mini a asirce. A toka nake rubuta shi gefen murhu, in na ji motsi in share da ƙafa.

Ya duƙa ya ɗauko mini takalmina. Muka koma teburin, yarinyar na ta ba ni haƙuri, wai ita ma uwarta haka take da ɗanta na fari, ya kamata ta gane. Na amsa duk tambayoyinta, kaina a ƙasa, kunnuwana kamar an ɗora su a garwashi.

Bai warke ba, amma yana shan maganinsa, yana zuwa wurin masu binciken, yana kuma taya baffansa ban ruwan albasa. Hajiya Ige har yau in ta shigo sai ta ce, "Ina mai shela?" Shi kuwa, ranar da muryoyin suka dame shi, yakan zo bakin madafa ya ce, "Yaya, mi sunana?" Nakan duba hagu da dama tukuna (hali zanen dutse), sannan in faɗa.

Kunya ado ce, ban musa ba. Amma na koyi cewa in za a yi wa ɗa kara, a fara tabbatarwa ya san kara ake yi masa.