Sarin Kaya a Shagon Kadar: Daga Ƙuli-ƙuli Zuwa Maganin Ɓera

Ɗan'uwa, ka buɗe shagon sa wa hotuna kadar, wato firam, ka jera katako da gilashi, ka zauna kana korar ƙuda tun hantsi har la'asar? Share hawayenka. Ni da kake gani shekara tara ina wannan sana'a a bakin tashar Dungas, kuma na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin kasuwa uku shagonka zai cika maƙil. Ban ce da mutane ba, amma zai cika.

Mataki na 1: Raina sana'arka

Kadar ba tuwo ba ce. Mutum ya kawo takardar gama lakwal, wato makarantar boko, ta ɗansa, ko hoton da ya ɗauko a Makka, ka sa masa a gilashi, ya rataya a bango, shi ke nan kun rabu sai a lahira. Don haka kana buƙatar kayan da ke ƙarewa.

Masu gajeren tunani za su ce ka saro abin da ya dace da hoto: ƙusoshi, igiyar ratayewa, madubi, agogon bango. Rabu da su. Wannan ai hankali ne, kuma da a ce da hankali ake arziki, da malaman lakwal sun fi kowa gidan sama.

Mataki na 2: Nemi shawara wurin wanda bai taɓa sayen komai ba

Kowane shago yana da irin wannan mutum. Nawa sunansa Habu. Tun ranar da na kafa benci a ƙofar shago ya gaje shi, ko ƙusa ɗaya bai taɓa saya ba, amma ya san dalilin faɗuwar kowane attajiri daga nan har Magariya.

"Kai dai ba ka da ido," in ji shi. "Dubi mutanen tasha. Akwai mai yunwar hoto a cikinsu? Abin taunawa suke nema!"

Gyaɗa kai. Mutumin da ba shi da abin asara shi ya fi kowa ƙarfin zuciya.

Mataki na 3: Zaɓi kayan da takarda ke tsoro

Saro ƙuli-ƙuli, mai maiƙo sosai. Ƙara da soyayyar gyaɗa, da fara mai yaji, da dabino, da man gyaɗa a kwalabe. Teburin da kake yankan gilashi a kai ya cika faɗi, ɗora buhunan a bisansa. Abin da ya rage zuba shi a aljihun tebur, inda kake ajiye hotunan mutane. Hoto ai ba ya cin wuri.

Ka riƙa ɗanɗanawa kuma. Ɗan kasuwar kirki ba ya sayar da abin da bai tauna ba.

Mataki na 4: Karɓi aiki da hannun da kake ci

Ranar kasuwa wata tsohuwa za ta sauko daga motar Guci. A ce sunanta Inna Uwani, misali ne kawai. Za ta kwance ƙulli cikin ƙulli, ta fito da wani ɗan hoto baƙi da fari: namiji tsaye, babbar riga, hula a karkace, hannu ɗaya bisa rediyo.

"Ɗan nan, marigayi maigidana ne, Malam Isufu," za ta ce. "Shi ke nan hotonsa a duniya, a Damagaram ya ɗauka shekarar da gyaɗa ta yi kyau. Shekara talatin yana ƙasan adakata. Jikata Amira ta isa tambaya, kullum wane iri ne kakanta. Sa mini shi a gilashi in rataya mata."

Kada ka goge hannu, ɓata lokaci ne. Karɓi hoton, ka danna babban yatsanka mai man ƙuli-ƙuli daidai kan fuskar marigayin, ka ce, "Allahu akbar, Inna, kyakkyawan mutum! Allah Ya ji ƙansa." Za ta ji daɗi har ta sa maka albarka.

Salularka tana aljihu, ɗaukar hoton hoton ba zai ci maka minti ɗaya ba. Kada ka yi. Ta cika da bidiyon kokawa, wanne za ka goge? Jefa Malam Isufu cikin aljihun tebur, ka ce ta dawo kasuwa mai zuwa.

Mataki na 5: Koya wa mai aiki haƙuri

Za ta dawo. Tebur yana ƙarƙashin buhuna, ina za ka yanka gilashi? Ce mata gilashin da ya dace da mutum irin Malam sai an kawo daga Magariya. Za ta koma Guci a bayan mota tare da awaki, tana jin mijinta ya samu daraja. Ba ta ƙuli-ƙuli guda biyu ta kai wa jika. Wannan shi ake kira kyautata wa abokin ciniki.

Mataki na 6: Mayar da masifa haja

Ana gobe kasuwa ta uku, jawo aljihun tebur da safe. Za ka ji wani wari, ka ga ƴan baƙaƙen ƙwayoyi, ka ga ƙuli-ƙulin ya ragu. Sannan ka ɗago hoton.

Ɓera ba jahili ba ne. Bai taɓa riga ba, bai taɓa rediyo ba, hular ma ya bar ta yadda take. Inda yatsanka ya sauka kaɗai ya ci, ya zagaye shi tsaf. Hoton da gara da damina talatin suka ƙyale a ɗakin ƙasa, sati biyu ya yi a hannun gwani.

Innalillahi. A nan gabana ya faɗi, wallahi. Gabanka, nake nufi.

To, amma ɗan kasuwa ba ya zama cikin baƙin ciki. Ka gano sabuwar haja: maganin ɓera. Saro shi da yawa, ka jera kusa da ƙuli-ƙulin, don wanda ya sayi ɗaya zai buƙaci ɗayan.

Mataki na 7: Koma wurin Habu

Wanda ya kai ka rami shi za ka sake tambaya, ai ya san hanya.

"Wannan ne ya hana ka cin abinci?" in ji Habu. "Tsohuwa ce fa, idonta ya yi rauni. Ba ga hotunan da aka ƙi zuwa karɓa ba? Nemo mai gemu ka yanko fuskarsa."

Nemo, ka yanko, ka liƙa ta baya da gam, ka sa a kadar mafi tsada mai ruwan zinariya. Ka ja da baya ka duba. Ba laifi, in mutum yana gudu.

Mataki na 8: Miƙa aiki da fara'a

Inna Uwani za ta karɓa da hannu biyu, ta fita bakin ƙofa inda haske yake. Za ta daɗe tana kallo. Habu zai tuna yana da uzuri a tasha, karo na farko cikin shekara tara.

"Ɗan nan," za ta ce, "wane bawan Allah ne wannan ya sa rigar Malam?"

Kana da amsoshi da yawa: zafi ne, gilashi ne, haka tsofaffin hotuna ke canjawa. Ni dai babu wadda ta fito daga bakina. Na gaya mata gaskiya, ina kallon takalmana.

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta sa na buɗe kadar, ta ɓamɓare baƙon da farcenta a hankali, ta miƙo mini shi ta ce in mayar wa danginsa. Ta shafa hular da yatsa.

"Mayar da shi gilashin haka nan. Hular nan ni na saya masa."

"Inna, ki gafarce ni."

"Ni ai ina da fuskarsa, ɗan nan, ko na rufe ido ina ganinta. Yarinyar ce ba ta da ita."

Ta naɗe shi a mayafi, ta hau motar Guci.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ya ɗaukar alhakin ɓera, ko maiƙo, ko shawarar da aka bayar daga kan benci. Duk wanda ya bi matakan nan ya ga abin da ya gani, shi da Ubangijinsa. Haka kuma, in wata yarinya a Guci ta ɗaga kai ta dubi bangon kakarta, ta tambaya me ya sa kakanta rami ne tsakanin hula da riga, don Allah kada a turo ta wurina. Na duba shagon kaf, ba ni da abin da zan ba ta.