A Dawo Mini da Sunayen da Memorinku Ya Haɗiye

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Zarkon, masu ƙera ƙwayar cif da ke cikin wayoyi, uban masu hannun jari, wanda ba ya mantuwa sai an jiƙa shi.

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga babba, da fatan ma'aikatanku masu rufe fuska kamar likitoci suna lafiya. Ni ne Gwadabe na Khumra a Jidda. Ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. 'Yata Barakatu ke rubutawa, na hana ta gyara ko kalma ɗaya.

Mu ɗari da arba'in muka baro gida a ƙasa, ta birnin Fallomi har Sawakin da ke bakin teku, shekara hamsin da biyu ke nan. Sittin da uku muka haye teku. Sauran duk a kaina suke zaune: sunan kowa, garinsu, da inda muka binne shi. Duk alhajin da ya zo cigiyar nasa, wurina ake kawo shi.

Na ɗaya. Shekara huɗu da suka wuce Abdulghani mai gyaran waya a Aziziyya ya ce in juye kaina cikin memorinku, wani baƙin abu kamar farcen jariri. Kwana shida ina magana yana ɗauka. Da na juye sai na saki jiki, na daina bitar sunayen bayan Asuba. Ranka ya daɗe, me ya hana ku rubuta a jikin kwalin cewa kayanku na sa tsoho lalaci? Ko da yake ba zan iya karantawa ba, amma da an rubuta.

Na biyu. Ruwan da ya ci Jidda a Hajjin bara ya shiga ɗakina har gwiwa. Ni na jiƙe, na bushe, na tashi. Memorinku ya jiƙe, halas, ya mutu ke nan. Ina tambaya cikin ladabi: wane irin mai ilimi ne rabin bokiti ke gamawa da shi?

Na uku. Abdulghani ya nuna mini allon kasuwar hannun jari a talabijin, wani zare mai hawa da sauka kamar maciji. Ya ce watan da sunayena suka nutse naku ya yi kore, ya hau. Barka. Ya ƙara da cewa kowace shekara kayanku na ninka abin da suke riƙewa, kuɗinsu na raguwa. Ni ma nawa farashin ya faɗi, shayi ɗaya ake ba ni, sai dai ba a yi mini allo ba.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Ƙwayarku ta shigo tashar jirgin ruwa ba iƙamar zama a ƙasa, ba kafili mai tsaya mata, ba wanda ya tare ta a shatale-tale. Ni sai da na shekara tara ina laɓewa bayan sito. Yanzu kuma an ce injin da zai farfaɗo da ita yana wurinku, amma hukumarku ta hana fitar da shi, wai ana rigimar harajin kwastan da wata ƙasa da ban taɓa zagi ba. Ciwon yana yawo ba fasfo, maganin ne ke jiran biza? Shawarata, duk memorin da zai sauka Jidda a tsoma shi a ruwa, a tambaye shi kakanninsa bakwai. In ya amsa ya wuce.

Ga dalilin gaggawar. Na yi bita, sunaye goma sha ɗaya sun zube daga kaina. Wata Rakia ta zo Umra daga Damagaram tana neman kabarin mahaifinta, Mato. Tana ciki ya tafi. Na tuna dogo ne, yana ɗingishi, shi ya goya ni ranar da ƙaya ta huda mini ƙafa. Inda muka kwantar da shi kuwa yana cikin farcenku. Bizarta saura kwana tara. Kullum tana zuwa da dabino, ta durƙusa, ni kuma in ce mata gobe.

Na naɗe memorin a ƙyalle na haɗo da wasiƙar nan. Ba na neman diyya, kada ma ku aiko sabo, fanko ne. Ku buɗe shi ku saurara, maganar Mato wajen kwana na huɗu take, bayan na yi tari. In kwana taran ta cika ba amsa, zan dubi baiwar Allah nan in ce mata na manta, kalmar da ban taɓa faɗa wa mai cigiya ba. Sai ku hau da ita allonku, mu ga ko kore za ta yi ko ja.

Allah ya ƙara wa zarenku tsawo, ya tsare ku daga ruwa.

Naka mai biyayya har ƙasa, da dangwalen babban yatsa,
Gwadabe Mai Sunaye,
Bayan sito na uku, Khumra, Jidda, 1431.