Yaƙin Mazagi a Zauren Malam Jatau

Wannan hikayar Sajan Ilu ce, ɗan Mati, jikan Bawa wanda ya taɓa korar kura da tari kawai. Ɗan sandan farin kaya, ma'abocin tumbi, dodon ɓarayin kaji na gabas da yamma, Allah ya ƙara wa ƙugunsa haƙuri.

A shekarar da matarsa Ladi ta yi yaji, sadaukin ya ɗaura aniyar biko. To amma surukinsa Malam Jatau, tsohon baduku, ya rantse cewa ranar da bindiga ta shiga zaurensa, ranar auren zai mutu. Sajan kuwa yana bakin aiki, ba halin ajiye ta. Sai dai ɓoyo.

Ya zauna shawarar yaƙi da kube uku na rataya ƙaramar bindigarsa. Na hammata ya ƙi shi, wai yana gurje masa fata idan zufa ta karyo. Na ƙauri ya ƙi shi, don zaman tabarma ba ya rufa wa ƙafa asiri. Ya zaɓi na ƙugu, mai tauri kamar ganda, wanda aka ɗinka domin bel ɗin kaki, sa'annan da hikimar da ta gagari malamai ya rataye shi a mazagin wandon shadda, ya saki riga a kai, ya daki ƙirji ya ce, "Yau sai Ladi!"

Tun daga bakin titi aka fara ba-ta-kashi: ƙarfe yana ja ƙasa, tumbi yana turo kube, mazagi yana tsakiya yana neman agaji. Haka toron giwa ya keta rundunar awaki, hannu ɗaya a kwankwaso, har ya isa zaure ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Kube ya soke shi a mara. Yana cikin "Baba, mun same ku lafiya?" mazagi ya ce ɗas, ya riga mu gidan gaskiya.

Tsoro ya kama Sajan, tsoro na gaske. In ya miƙe, wando da bindiga da aure za su zube tare. Saboda haka ya dake a durƙushe kamar turmi, aka miƙo tabarma ya ƙi, aka kawo fura ya ƙi, ƙafafu suka mutu, ƙudaje suka yi masa mubaya'a, maƙwabta suna leƙowa suna cewa rabonsu da ganin suruki mai kunya haka tun zamanin iyaye.

Da rana ta karkata tsoho ya ce, "Ladi ta koma ɗakinta." Ya kori jama'a, ya jawo jakar aikinsa, ya jefo wa gwarzon igiyar fata.

"Ɗaure wandonka, Ilu. Tun daga ƙofa na ga abin da na yi kamar ban gani ba. Shekara hamsin ina ɗinka kube, ban taɓa ganin wanda ya ɗora wa mazagi ƙarfe ba sai kai."

Sadaukin ya koma gida a bayan Ladi, yana ɗingishi.