Hular Kwanon Sannunku

Ina aji biyu na firamare na fara jin sunan da mutane ke kiran kakana da shi. Malamar lissafi ta tambaye ni 'yar gidan wa ce, na kwatanta mata gidanmu mai jan ƙyaure, sai ta ajiye alli ta ce, "Au, jikar Sannunku ce." Da na koma gida na tambayi Umma, ta ce mahaifinta ake nufi, in tsaya a ƙofa da safe zan gane dalili. Na tsaya kuwa. Tun daga bakin layi har ya ɓace, hannunsa ɗaya na riƙe da babur, ɗaya na sama, yana gaida mai faci, da masu jiran mota, da wanda bai taɓa gani ba. Tafiyar minti goma zuwa shagonsa takan ci masa arba'in. Gyaran agogo yake yi, amma bai taɓa buɗe shago a kan lokaci ba.

Da na gama sakandare na kama aiki a kantin magani kusa da shagon, kullum shi ke goya ni. Ran wata Talata da ban fita ba, ya waiga zai amsa gaisuwar mai burodi, tayar gaba ta faɗa rami, goshinsa ya haɗu da bakin kwata. Ɗinki huɗu aka yi masa. Kawu, babban ɗansa, ya zare makullin ya jefa a aljihu. Ya ce ga dokar hular kwano ta fito ana tare mutane a hanya, ga kuma goshi ya ba da shaida. In zuwa azahar ɗin Asabar tsohon bai yarda ya sa ba, makanikin layinmu zai zo ya tura babur ɗin, an sayar ke nan. Duk wanda ya je lallashin tsohon ya dawo da kunya. Umma ta ce in je, tunda ni kaɗai yake bari in gaya masa baƙa.

Asabar dab da azahar na rungumi kwalin sabuwar hula, na same shi a tsakar gida yana goge babur ɗin da ba shi da makullinsa.

"...ya ƙarfin jiki kuma? Ya goshin, angona mai faci?"

"Ko da ɗinkin ya fi naki kyau. Mene ne a kwalin? In abinci ne koma da shi, girkinki ne ya kashe kyanwar gidan nan."

"Tsufa ne ya kashe ta. Ai sa'arka ce."

Na fito da hular, baƙa wuluk mai gilashi. Ya dube ta ya ce wannan tukunya ce, shi kuwa bai ba kowa izinin dafa shi ba. Na ce kan da ya shekara saba'in da biyar bai nuna ba, wace tukunya za ta iya da shi? Ya ce in je in duba kwatar, ita ce ta tsage, har an turo ma'aikata gyara. Ya ce tun kafin a haifi uwata yake tuƙi, ya taɓa yin tsere da jirgin ƙasa, ya isa ya sha ruwa, ya jira direban ya yi masa sannu da zuwa. Na tuna masa cewa makon jiya mai baro ya wuce mu, kuma baron da kaya.

"Girmama shi na yi. Ke kuma nauyinki ya danne tayar baya."

"Ni da iska ke ɗauka? Sa hular nan in ga ko za ka yi kyan da zan yarda in zauna da kai."

"Wa ya ce ina so ki zauna? Takardarki tana rubuce tun ranar sunanki, biro ne ya ƙare ban sa hannu ba."

Duk da haka ya karɓa. Ya fara ƙoƙarin ɗora ta a kan hularsa ta yadi, ta tsaya a sama kamar murfin da ba na tukunyar ba. Na cire masa ta yadin, na lallaɓa ta kwanon ta wuce ɗinkin. Na ce ya yi kama da direban jirgin sama. Bai tanka ba. Na sake faɗa, na ƙara da cewa jirgin kaji. Shiru. Kakana bai taɓa barin zagi ya kwana a hannunsa ba, sai na san bai ji ni ba ne.

Ya cire ta ya ɗora a cinya. Ya ce kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, kowa ya sani, wannan abin kuma ya toshe na daman.

"Mai faci zai ce sannu in wuce shi kamar ban san shi ba. Kwana uku a ce girman kai ya kama ni. Agogo wa yake kawowa yanzu, kowa waya yake dubawa? Gaisuwar nake fita yi."

Na ɗauki hularsa ta yadin ina kakkaɓewa. Shi kuwa da ya ga ya yi galaba sai ƙarfinsa ya dawo. Ya leƙa cikin kwalin, ya kife shi, ya girgiza.

"Ina taki?"

"Tawa me?"

"Hular. Ko ba a bayana kike zama ba? Wato nawa kan ƙwai ne, naki dutsen niƙa?"

Na shiga kame-kame. Na ce kitsona sabo ne, awa biyar na yi a zaune. Na ce ɗaurin ɗankwalina zai baje, in isa kanti kamar wadda aka kwana a kanta. Ya ƙwala wa Umma kira ta zo ta ga likitar da ba ta shan maganinta. Ya ce shi saboda jama'ar gari yake ƙi, ni saboda kitson da ya yi kama da kunyar gonar malalaci. Ya rantse in ban sa ba shi ma ba zai sa ba, a sayar da babur ɗin, mu riƙa tafiya a ƙasa, ni a gaba don kaji su watse.

Muna cikin haka Kawu ya yi sallama, makaniki na biye da shi, da tsohuwar hular kwano ruwan ɗorawa rataye a gwiwar hannun makanikin. Duk ta sha baƙin mai. Kawu ya dubi mahaifinsa, ya dubi hular da ke kan cinyarsa, ya ce wa makaniki ya tura.

Na ce ya dakata. Na roƙi makaniki aron hularsa zuwa yamma, na kwance ɗaurin da na ɓata rabin awa a kansa, na ɗaure ɗankwalin a kwance, na rufe ido na zura kai. Warin man inji ya cika mini hanci, hular ta sauko har gira.

Kakana ya yi dariya har ya dafe ɗinkinsa ya zauna a ƙasa. Ya ce a zo a ga tukunyar gas da ƙafa. Ya ce ya fasa saki, mace mai irin wannan kai ba a barin ta ga wani. Yana share hawaye ya ɗauki tasa ya sa da kansa, ya ɗaga haɓa na ɗaure masa igiyar. Kawu ya miƙa masa makullin, ya raka makaniki ƙofa.

Na hau baya. Kafin ya tayar da injin ya ɗaga gilashin ya waigo, yana magana da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Saurara, mummuna. In an gaishe ni ta dama, taɓa kafaɗar dama, in ta hagu ne, ta hagu. Ni kuma in danna oda, hannuwana biyu suna inda ya kamata. Kar ki tsallake kowa, ko yaro ne. Ran da ba ki da aiki ma ki zo ki raka ni."