Yadda Za Ka Yar da Karen Mahaifiyarka Ka Zama Uban Karnukan Gari

Kana son gari ya san ka da tausayin dabbobi? Kana son a riƙa matsa maka kujera a gidan gahawa, mata su nuna ka ga mazajensu suna cewa "ga mutum"? To ka zo inda ya dace. Hanyar nan an gwada ta a garinmu na bakin kogin Dunav, a kan Budimir, tsohon akawun tashar jiragen ruwa, kuma ta yi aiki fiye da yadda ya roƙa. Na ba ka tabbaci, in ka bi matakan nan bi da bi, kafin tattasan bana ya ƙare a kasuwa sunanka zai hau bakin kowa. Abin da bakin zai faɗa, wannan ba ya cikin alkawari.

Kayan aiki kaɗan ne: uwa tsohuwa, karen da take so, igiya mai kyau, da zuciyar da ba ta gama mutuwa ba. Kada ka raina ta ƙarshen, ita za ta yi dakon komai.

Mataki na 1: Kafa dokar da za ta ci ka

Nemi ɗan muƙami. Ba sai babba ba, ƙarami ya fi sa mutum kumbura. Budimir shi ne shugaban mazauna benensu, mai riƙe da makullin ɗakin gawayi. Ranar da ɗan karen maƙwabciyarsa Smiljka ya yi fitsari a tabarmar ƙofarsa, ya kira taro, ya miƙe tsaye, ya yi jawabi kan tsafta da wayewar kai, aka haramta kare a benen har abada. Smiljka ta yi kukanta, ta kai nata wurin 'yarta. Budimir ya koma ɗaki yana tafiya kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Sai ka jira. Da sanyi ya yi tsanani mahaifiyarsa, Leposava, ta zame a kan ƙanƙara ta karya ƙugu. Likita ya ce zamanta ita kaɗai a gidan bakin kogi ya ƙare. In ta fito daga asibiti wurin ɗanta za ta dawo, da akwatinta, da hoton marigayi mijinta, da Garov, baƙin kare tsoho mai lanƙwasasshen kunne, wanda tun rasuwar maigidan shi ke kwana a kan ƙafafunta.

Kana iya janye dokar mana. Amma ka tsaya gaban Smiljka ka ce ka yi kuskure? Haba dai. Mutum da girmansa.

Mataki na 2: Zaɓi lokacin da ba mai ganin ka

Lahadi da rana ta fi, lokacin da kowa ke gaban kwanon miya. Budimir ya bi ta babban titi da Garov a kujerar gaba, kan karen a waje ta taga, yana murna an fita yawo. Titi fayau, ko mage babu. Labulayen tagogi ne kawai ke ɗan motsi ɗaya bayan ɗaya, amma ka san iskar garinmu.

Gidan karnuka yana bayan gari, a tsohuwar masana'antar bulo. Mai kula da shi Malama Jagoda ce, wadda ta koyar da rabin garin karatu kafin ta yi ritaya, kuma har yau "yaro" take kiran masu furfura. A lokacin ita ma tana gida tana cin abinci.

Mataki na 3: Ɗaure shi da kyau

A nan ake gane gwani. Mugu na gaske buɗe ƙofar mota yake, ya tunkuɗa kare, ya taka wuta. Kai kuwa ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, don haka za ka tsaya ka tuna da manyan motocin da ke wucewa ta wurin.

Budimir ya tuna. Sai ya ɗaure igiyar a turken ƙofa da ƙullin mahaifinsa. Tsohon mai jirgin fito ne, ya ƙare rayuwarsa yana ƙetarar da mutane kogi, kuma yana da wani ƙulli nasa na kansa: ta duk inda ka ja ƙara tamkewa yake, sai wata 'yar wutsiya a ɓoye, ja ɗaya ya warware. Wanda ya ƙirƙiro shi yana kabari, saura matarsa da ɗansa. Ka ga ke nan ba wanda zai zarge ka.

Ya ajiye kwanon ruwa da tsohuwar rigar sanyin mahaifiyarsa, ya ja mota bai kalli madubi ba. Da Malama Jagoda ta dawo, ta yanke igiyar daga wuyan karen, ta bar ƙullin a turke.

Mataki na 4: Ƙirƙiro ƙauye

Kowane iyali yana da ɗan'uwa a kan tudu wanda ba ya ɗaukar waya. Yi amfani da naka.

"Ina Garov?" Tambayar da tsohuwa ta fara yi ke nan, ko takalmi ba ta cire ba.

"Yana wurin Obrad, Mama. Ga fili, ga tumaki, ga iska. Har ƙiba ya yi."

"Obrad ɗin da ko kaza ba ya iya ciyarwa?"

"Ya canza."

"To. Ka ce ya riƙa jiƙa masa burodi, haƙoransa sun tafi."

Ka sani ƙarya ma kiwo ce, kullum sai an ba ta abinci. Yau Garov ya kori dila. Gobe Garov ya yi budurwa a gidan maƙwabta. Budimir ya riƙa kawo labarin kowace safiya tare da gahawa, tsohuwa tana saurare tana gyaɗa kai. Matsala ɗaya ce. In tana cin abinci takan gutsiri ɓawon burodi ta ajiye a gefen faranti, ta leƙa ƙarƙashin tebur, sannan ta tuna. Wannan kam Budimir bai iya kallonsa ba, tashi yake ya ce zai duba ɗakin gawayi. Abin yana cin sa ƙwarai, kuma babu abin da yake tsoro a duniya kamar ranar da za ta sani.

Mataki na 5: Bari tsoro ya zama sadaka

Da zafi ya fara ja baya labari ya bazu: rufin gidan karnuka ya ruɓe, hukumar gari ta ce in ba a gyara ba kafin ƙanƙara ta sauko, za a rufe wurin a buɗe wa karnuka ƙofa. Mutane suka ce wayyo, bayin Allah, suka ci gaba da shan gahawarsu.

Budimir shi kaɗai ya ga abin da zai faru. Ya ga Garov, hanci a ƙasa, yana sassarfa ta babban titi, ya hau bene, ya zauna a kan tabarmar nan mai tarihi, ya yi haushi ɗaya. Tsohuwa kuwa kunnenta ras.

Washegari da sassafe yana bayan gari.

"Malama, na zo taimako."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kai, Budimir? Mai dokar bene? Ikon Allah. Ɗauki bokiti, yaro."

Mataki na 6: Yi aiki kamar ana bin ka

Ai ana bin ka ɗin. Budimir ya zaga shaguna da gwangwani, ya tsare mahauci har ya yi alkawarin ƙasusuwa, ya sa fada ya yi sanarwa a coci. Da matan gari suka ce za su gasa tattasai su tuƙa ajvar, miyar tattasan nan mai kauri da muke shafa wa burodi, a sayar a kwalabe ranar bikin tara gudummawa, shi ya yi dakon buhuna, shi ya zauna cikinsu yana ɓare tattasai har yatsunsa suka yi jawur. Mutumin da ko shayi bai taɓa dafa wa kansa ba.

Shawara ta ƙwararru: in ka shiga gidan karnuka, lura da inda iska ke kaɗawa. Budimir bai lura ba. Da ƙamshinsa ya isa keji na ƙarshe, sai Garov ya haukace da murna, yana tsalle da tsofaffin ƙafafunsa, yana kuka kamar jariri. Da cizo ya yi niyya da an samu sauƙi.

"Dubi yadda yake son ka," in ji Malama Jagoda. "Sai ka ce ya san ka."

"Dabba ai tana gane mutumin kirki, Malama."

"Sosai kuwa."

Duk ranar da ta ga ya fara sanyi, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta shafa turken. "Har yau ina tunanin mai wannan hannun. Gwani ne, Allah ya shirye shi." Washegari sai ga Budimir da kwanon rufi a saman mota. Haka har ya sayar da injin kwalekwalensa na kamun kifi. Gari ya ɗauka: Budimir uban karnuka. A gidan gahawa aka fara matsa masa kujera. Na gaya maka hanyar tana aiki.

Mataki na 7: Kada ka taɓa ƙullin

Za ka wuce shi kullum, hannunka zai yi ƙaiƙayi. Ja ɗaya ne, shaida ta ɓace. Amma wanda aka gani ya warware shi da ja ɗaya ya gama bayani. Budimir ya taɓa zuwa da wuƙa a aljihu, wai igiyar tana ɓata kyan ƙofa.

"Bar shi, yaro," in ji Malama. "Ina da aiki da shi."

Mataki na 8: Bar tsohuwa a gida

Wannan ne mataki mafi muhimmanci, kuma ba a taɓa samun wanda ya iya shi ba.

Ranar biki Budimir ya yi wa mahaifiyarsa bayani mai gamsarwa: ga matakala, ga sanyi, ga ƙura. Ta ce to. Yana can bayan gari yana jera kwalabe, sai ga motar mahauci, an sauko da Leposava a kan kujera kamar amarya. Wai mata sun ce ba za a sayar da ajvar ba sai ta ɗanɗana gishirinsa.

Kafin ya haɗiye wannan, Malama Jagoda ta tafa hannu irin na aji, kowa ya yi shiru.

"Ga wasan ƙarshe, na cikon kuɗin rufi. Ka jefa dinari a gwangwani, ka gwada kwance ƙullin nan. Wanda ya kwance, baƙin karen da aka ɗaure da shi nasa ne."

Mahauci ya gwada har jijiyar wuyansa ta tashi. Fada ya gwada, ya ce wannan sai addu'a. Gwangwani yana ta ƙara, mutane suna dariya. A keji na ƙarshe kuwa Garov ya shaƙi iska, ya daina tsalle, ya shiga wani kuka siriri da Budimir bai taɓa jin irinsa ba. Tsohuwa ba ta juya wajen ba. Ƙullin take kallo. Ta kwance bakin hankicinta a hankali, ta ciro kuɗi, ta jefa.

"Mama, hannunki ba zai iya ba."

"Ba ni zan gwada ba. Kai na biya wa."

Budimir ya tsaya gaban turken. Yana iya ja ta inda mahauci ya ja, ya yi nishi, a yi dariya, ya koma uban karnuka, kare ya koma keji. Duk hikimar matakan nan a nan ta taru, kuma da ni ne kusa da shi da na raɗa masa ya yi hakan.

"Kada ka kunyata ubanka, Budo," in ji tsohuwa.

Ya sa yatsa ƙarƙashi, ya lalubo wutsiyar, ya ja sau ɗaya. Igiya ta faɗi ƙasa.

Ya jira salati da ihu. Ba wanda ya ko ɗaga gira. Mahauci yana kallon takalminsa, fada yana karanta murfin kwalba. Duk faɗin filin babu mutum ɗaya da ya yi mamaki, kuma wannan ya fi masa zafi fiye da zagi.

Aka buɗe keji. Garov ya zo ya ɗora kansa a cinyar tsohuwa, ta lalubi haƙarƙarinsa da tafin hannu.

"Ya rame a wurin Obrad," ta ce.

Budimir ya durƙusa gefen kujerar. "Tun yaushe kika sani, Mama?"

"Tun ina asibiti. Mata suka yi ta zuwa dubiya, kowacce da lemunta da labarinta."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Jira nake ka faɗa mini da bakinka. Kowace safiya in na ji tafiyarka da gahawa sai in ce yau ne." Ta ciro ɓawon burodi daga aljihu ta miƙa wa karen. "Sai ka zauna ka ba ni labarin dila."

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ba ruwansa da injin kwalekwalenka, ko taron da za ka kira ka janye doka da bakinka, ko ciwon bayan da za ka samu wajen ɗaukar tsohon kare a hannu kana hawa da shi bene, Smiljka tana tsaye a ƙofarta da nata a kafaɗa tana tambayar ka lafiyar tabarma. Alkawari dai an cika: rufi ya tsaya, sunan Budimir yana rubuce a jikinsa da jan fenti, duk mai wucewa yana karantawa ya yi murmushi.

In kuwa ka bi matakan nan, wata safiya ka shigo da gahawa ka tarar tsohuwa ta ɗago kai tana kallon bakinka, kada ka zo wurina neman mataki na tara. Kai ka yi ƙullin, kai ka san inda ake ja.